Goyon Sakinatu

Kandi, ƙasar Dahome, 1960

Yaya Rahmatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya mutanen Kurgu da damina? Ni lafiya lau. Aikin share asibiti ba wuya, kwana a baranda kuwa na saba, kada ki gaya wa Inna.

Albishirinki. An kawo wani yaro nan mai irin lalurar ɗiyarki Sakinatu: ƙafafu a sanƙare suna harɗewa, wuya ba ƙarfi, magana da ƙyar. Na bi malamar asibiti da tambaya har ta gaji da ni. Ta ce ba iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Rauni ne ƙwaƙwalwa kan samu, sau da yawa wajen doguwar naƙuda. Ba ya warkewa, amma ba ya ƙaruwa, kuma da yawan masu shi hankalinsu garau yake.

Sai ta sa uwar ta goya yaron, ta ce goyo yana buɗe ƙafafun, a yawaita shi. Dariya ta kama ni, na tuna matan da ke miki gori wai kina goyon gandamemiyar yarinya. Ashe magani kike yi.

Ki riƙa ba Sakinatu abinci a zaune, ba a kwance ba. Idan tana magana, a jira ta ƙarasa da kanta.

An yi bikin 'yancin kai nan, naku ma ya kusa. Ranar kada a bar ta a ɗaki. Ki goya ta har filin Bagudo, ta sha kiɗa a gaban kowa.

Allah Ya raya mana ita.

Ƙanenki,
Bunyaminu