An Sauke Eriyarka, Yaya

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, a ƙasar da ka zaɓa wa kanka. Mu nan Wudil alhamdu lillahi, damina ta kankama, kogi ya fara cika. Na rubuta maka a fili inda jama'a za su gani ne don na gaji da aika maka dogon saƙo kana amsa min da hoton babban yatsa. 'Ya'yanka suna leƙa shafin nan, wani cikinsu zai karanta maka, in har ka koya musu Hausar da za su karanta.

Ranar Asabar aka sauke eriyarka. Dogon ƙarfen nan da ka kafa a tsakar gida ya yi tsatsa, iska ta karkatar da shi daidai kan ɗakin Inna. Amma ba don ƙarfe na ɗauki biro ba. Idon Inna ya tafi, tunaninta yana zuwa yana komawa, kuma akwai abin da take riƙe da shi naka tun ranar da ka bar ƙasar nan. Ba ta taɓa sa maka albarka ba. Ka tuna duk wayar da kuka yi, "Allah ya tsare" take ce maka, shi ke nan. Na san ba ka lura ba, shi ya sa nake so in tuna maka inda abin ya faro.

Ka tuna shekarun da kuɗin mai ya shigo, aka yi wa ma'aikata ƙari har da ariyas? Abokanka suka sayi babura, wasu suka yi rufin kwano, motocin siminti suna bin juna a kan gada. Kai kuma ka dawo daga Kano da akwatin rediyon da ake magana a cikinsa, da batir, da ƙaramin janareta, da lasisin gwamnati a cikin leda. Kafin wata ya ƙare gari ya sa maka suna Sani Oba-oba, saboda "oba" ɗin da kake rufe kowace magana da ita a rediyon. Inna ta zagaya akwatin, ta ce ita dai ba ta ga inda ake jin waƙa ba.

Lokacin na gama makarantar horon malamai, ina koyarwa a firamare, ba a ɗaura min aure ba tukuna. Ka ce rubutuna ya fi naka kyau, saboda haka ni zan riƙe littafin gasar da ku masu irin wannan rediyo kuke yi a tsakaninku. Ka ja min kujera gefenka, ka rataya agogo biyu a bango, ɗaya namu, ɗaya na duniya wanda ke bayan namu da awa guda. Duk wanda kuka yi magana da shi sai in rubuta lokaci da agogon duniya, da lambar kiransa, da yadda ka ji ƙarfin muryarsa, da lambar wurinsa. Inna ta taɓa leƙowa ta duba agogon da ba shi ba, ta ce muna neman ɓata mata azahar.

Kai ka koya min lambar wuri. A lokacin sabon tsari ne, ba kowa ya iya ba. Ka shimfiɗa taswira a tabarma, ka nuna min yadda aka yanka duniya gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida da haruffa da lambobinsa. Namu JK41 ne, sai wasu haruffa biyu a ƙarshe da suke matso da mutum har bakin kogin nan. Ka ce duk inda mutum yake a doron ƙasa, in ya faɗi wannan a rediyo an san inda ya tsaya. Wallahi abin ya burge ni, har na koya wa 'yan ajina suna rera shi.

Dokar gasar kuwa, nisa shi ne maki. Kilomita ɗaya, maki ɗaya. In an gama kai sai ka tafi hira bakin tasha, ni sai in zauna da lissafi. In mayar da lambar kowane mutum digiri, in nemo tsakiyar gidansa, in buɗe littafin jadawalin lissafin nan mai jan bango in yi ta fama da lissafin kusurwa, su sayin da kosayin, don ka ce duniya ƙwallo ce, rula a kan taswira ƙarya take yi. Mutum ɗaya kan ci min rabin shafi. Sai daga baya wani alhaji ya zo maka da kalkuleta daga Makka, na samu sauƙi. Ban taɓa yin ƙorafi ba, don ina son aikin, kuma ina son zaman da muke yi tare.

Abin da Inna ta kasa ganewa shi ne rashin gaisuwa. Ta kan tsaya bakin ƙofa da kwanon abinci tana ji kuna jefa wa juna lambobi, kafin ta ajiye kwanon ka wuce kan wani. Ta ce, "Waɗannan wane irin mutane ne, babu ya gida, babu ya yara?" Ka yi dariya ka ce gasa ba ta da lokacin wannan.

Mutum ɗaya ne a rediyon nan yake gaisuwa irin tamu, Malam Haruna na Fagge, tsohon ma'aikacin gidan waya. Shi ya koya maka sana'ar, shi ya raka ka jarrabawar lasisi, shi ya ba ka aron littattafan da har yau ba ka mayar ba. Kowace Lahadi da hantsi sai ya kira. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ruwa, ya tambayi gonar Utai, sannan ya ce a gaida malama mai rubutu. Ina jin daɗin wannan gaisuwar, ni da ba a taɓa jin muryata a rediyon ba.

Ranar Lahadin babbar gasar nan fa? Sararin samaniya ya buɗe wa rediyo tun da safe, muryoyi na shigowa daga ƙasashen da muka daɗe muna nema, kowanne da maki dubbai a bakinsa. Hannuna har ciwo yake don rubutu. Sai ga Malam Haruna, da hantsi, kamar yadda ya saba. Ya yi sallama, ka amsa a gajarce, ka jefa masa lamba kamar baƙo. Shi kuwa bawan Allah ya fara da ina kwana, ya shiga tambayar Inna. Yana tsakiyar tambayar ƙafarta ka murɗa maɓalli, muryarsa ta ɓace. Na riga na rubuta lokaci da lambar kiransa. Ka ce in ja layi a kai, ba a kammala ba.

Na dube ka, ka ce min abin da har yau yake kunnena: "Binta, na kusa ba shi da maki." Kano da Wudil, kilomita arba'in ko ƙasa da haka, ga shi zai cinye maka minti goma. Ta fuskar lissafi ka yi daidai, ni ce shaida, don ni na haɗa jimillar. Ta fuskar mutunci kuwa ka yi abin kunya, kuma ba ka taɓa zuwa ka ba shi haƙuri ba. Lahadi ta zagayo, na zauna da hantsi ina jira, bai kira ba. Bai sake kira ba har ya bar duniya.

Ka ci gasar. Satifiket ya zo ta gidan waya da sunanka kai kaɗai, wannan ban damu ba, ko na damu ma na daɗe da hucewa. Da shi ka nemi kwas a ƙasar waje, lokacin gwamnati na tura mutane kamar ba gobe. Kana Kano kana shirin tafiya, ka aiko cewa za ka zo ranar Juma'a ka yi wa Inna sallama. Ta sa aka yanka kaza, ta sayi kifin bakin gada, ta yi maka dakkuwa ta guzuri, ta ɗaura sabon zani. Har la'asar tana zaune a zaure. Sai wani direban motar shanu ya tsaya ya ce ka ce a ce an matso da jirginku, ka wuce, Inna ta sa maka albarka daga nan.

Ba ta yi kuka ba. Ta raba abincin ga maƙwabta, ta ce, "Albarka ba kaya ba ce da za a ba direba. In ya zo ya durƙusa, na dafa kansa." Ta ɗauka tafiyar shekara biyu ce.

Sauran ka fi ni sani. Kwas ya ƙare, aiki ya samu. Sai takardu, sai aure, sai karatun yara, yanzu kuma wai likita ya hana ka doguwar tafiya, amma na ga hotonka a taron masu rediyo a wata ƙasar da ta fi Wudil nisa daga inda kake. In ka kira Inna, kiran gasa kake yi. Kuna lafiya, madalla, ga aiki na jira. Tana buɗe baki za ta tambayi yara, layin ya mutu. Ni ce nake karɓar wayar daga hannunta in ce mata sabis ne. Na gaji da ɗora wa sabis laifinka.

Tun da maigidana ya rasu na dawo gida, nake roƙonta a sauke ƙarfen nan. Kullum amsa ɗaya, mai shi zai zo ya sauke abinsa. Da iskar makon jiya ta tsinka wayoyi biyu cikin masu riƙe shi, na daina neman izini. Na aika Dagumawa aka kira Isiyaku mai walda, magidanci ne mai hankali, bai san ka ba, bai san labarinka ba. Niyyata ya yi aikinsa shiru yayin da take barcin hantsi.

Sai ya ce ba zai taɓa komai a gidan ba sai ya gaida tsohuwa. Ya cire takalmi, ya durƙusa bakin ƙofarta, ya yi sallama. Yaya, ban san abin da ta ji a muryar nan ba. Ta ɗago daga filo, ta kira sunanka. Isiyaku ya juyo ya dube ni. Ina iya ce wa Inna ba shi ba ne, kalma huɗu kacal. Na dubi fuskarta, na ƙyale. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya amsa mata.

Ta tambaye shi hanya, ya ce lafiya. Ta tambayi sanyin can, ta tambayi matarka, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ta haddace ba ta taɓa ganin masu su ba. Duk ya amsa, bai yi gaggawa ba, kayan aikinsa na zube a rana. Ta ce ya rame. Ta ce ya matso. Ya ja gwiwa har bakin gado, ta laluba ta cire masa hula, ta dafa kansa da hannu biyu. Ta yafe, ta sa albarka, ta yi ta sawa, a nema, a zuri'a, a kwanciyar kabari. Abin da ta tara maka shekara arba'in da ɗoriya, a gabana ta juye shi a kan ɗan wata. Isiyaku ya fito yana share hawaye, ya ce min tasa uwar ta rasu yana ƙarami. Sannan Inna da bakinta ta ce a sauke ƙarfen, tunda mai shi ya zo.

Haushinka nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga an kwantar da ƙarfen nan a jikin katanga, ni ma sai da na shiga ɗaki. Kai ne ka goya ni a keke ka kai ni makaranta ranar da kawunnanmu suka ce karatun mace ya isa haka. Kai ne mutum na farko da ya ce min kaina yana ja. Ba na so ka rasa, Yayana. Na sani Allah yana duba niyya, kuma sunanka ta kira. Sai dai kan da ta dafa ba naka ba ne, wannan kuma ba ni da yadda zan gyara maka shi daga nan.

Tun ranar Asabar Inna tana cin abinci, tana barci, har waƙar daka na ji tana yi a hankali. Ba ta ƙara tambayarka ba. Ka zo duk da haka, ka zo tana da rai. In ka yi sallama ta ce wane ne, ni zan tsaya in gaya mata. Ban dai yi maka alkawarin za ta yarda ba, don a wurinta ka riga ka zo ka koma.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa ta cika da imani. Allah ya jiƙan Baba da Malam Haruna. Allah ya saka wa Isiyaku da alheri. Kai kuma Allah ya tsare ka, ya kawo ka kafin a aiko maka da abin da ba ka so ka ji.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Binta
Wudil