Sa Hannu, Ban da Leƙe

Litinin, 3 ga Maris

Kafintan bakin layinmu ya kawo guntayen katakon da na roƙa. Da'ira, alwatika, murabba'i, ya goge su sumul, sai ƙamshin sabon itace. Na juye su a tsohuwar rigar filo, ta zama jakarmu. Shugabar makaranta ta gani ta ce, "Kai, Malama, sabuwar dabara!" Wace dabara? Ido ne. Tun bara nake gani dishi-dishi, in na yi zane a allo na ja da baya sai ya narke kamar sukari a shayi. Ba wanda ya sani. Ranar da ta sani za ta karɓe ajin ƙanana, ta kai ni ofis gadin kabad. In aka raba ni da 'yan mitsi-mitsin nan, me ya rage mini?

Talata, 4 ga Maris

Doka ɗaya na kafa: a sa hannu a jaka, ban da leƙe. Sarkin Surutu, ɗan dagwas ɗin da bakinsa ba ya hutawa, ya damƙo alwatika ya ce ta cije shi sau uku. Da'ira kuwa wai ba ta faɗa, ba ta da haƙori ko ɗaya. Wallahi shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa jin bayanin kusurwa da ya kai wannan ba. Na yi dariya har da hawaye.

Shiru-shiru, yarinyar bakin taga, ta daɗe da hannu a jaka. Amma abin da na nema shi ta ciro.

Alhamis, 6 ga Maris

Autata ta sake tayar da maganar asibiti. Wai yanar ido ce, aikin ɗan lokaci ne. A idona za a sa wuƙa? Na ce ta kiyaye ni.

Laraba, 12 ga Maris

Hanyar gida ta zama wata iri, kuma, in faɗi gaskiya, akwai daɗi a ciki. Ƙananan abubuwa duk sun tafi, siffa kawai ta rage. Tagogi murabba'i masu ruwan zuma. Rufin shago alwatika, kamar ya ɗaga zai tashi. Fuskokin mutane da'irori ne masu taushi suna yawo, ba mai haɗe rai, ba mai tsufa. Na tsaya bakin titi ina kallo kamar mai mafarki a tsaye, sai da mai mota ya danna mini ham. Ban gan shi ba sam.

Wannan ba na gaya wa Auta.

Juma'a, 14 ga Maris

Mun shimfiɗa igiya a ƙasa, mun taka ta ba takalmi. A murabba'i ana tsayawa a juya, a da'ira ba tsayawa, sai jiri. Suka zube suna ƙyalƙyala. Daga nan muka koma laka, kowa ya gina abinsa da ita.

Sai abin ya faru. Shiru-shiru, wadda ban taɓa jin muryarta da kyau ba, ta ɗago nata daga can bakin taga: "Malama, mene ne wannan?" Haske ya cika bayanta. Na ce, "Da'ira, 'yar albarka!" Aji ya kwashe da dariya. Ashe murabba'i ne. Na ce gwada su nake. Duk sun yarda, ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sauke hannu a hankali tana kallona.

Ranar farko da ta yi mini magana, kuma na ba ta amsar banza. Ya yi mini ciwo.

Lahadi, 16 ga Maris

Na yi mafarkin ajin yana shawagi, yara na hawa da'irori kamar kwale-kwale. Ina kiran su, ba na gane ko ɗaya.

Talata, 25 ga Maris

Shugaba za ta zauna a ajina jibi, ta ga dabarar jaka don sauran malamai su koya. Shi ke nan, na kaɗe. Ɗaya ya ɗaga abu daga nesa, an gama.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta zo, ta lanƙwashe a 'yar kujerar yara. Jaka ta tafi lafiya, igiya ma. Da muka zo laka na ce kowa ya ɗaga nasa.

Ba wanda ya ɗaga. Shiru-shiru ce ta fara tasowa, ta buɗe tafina ta ɗora nata, ta naɗe yatsuna a kai. Sauran suka biyo ta a layi. Ni ban koya musu wannan ba. Na riƙa shafawa ina faɗi, ban kuskure ko ɗaya ba.

Shugaba ta tambayi dalili. Sarkin Surutu, Allah ya shirya min shi, ya ce, "Ai Malamarmu da hannu take gani."

Ashe sun sani. Tun yaushe, oho.

Na jira ta karɓe ajin. Da aka tashi ta taya ni tattara katako, ta ce, "Yaya, ki je a duba idon ki dawo. Zan riƙe miki su, amma Sarkin Surutu ya fi ƙarfina, kada ki daɗe."

Na ce wa Auta in hanyarta ta bi ta asibiti ranar Litinin, to, sai in raka ta. Ba don komai ba.

Lakar Shiru-shiru na nan a aljihuna, ta bushe. Murabba'i ne, da shatin babban yatsanta a tsakiya. Hannuna ya san shi sarai. Fuskar mai shi nake so in gani.