Shingen Aguwa

Limawa, Dutse.
18 ga Maris, 2001.

Zuwa ga aminina Malam Modibbo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Malama Huseina da yara da duk mutanen Miga. Ya ƙafar taka? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na dawo daga Kano ranar Talata. An yi aikin idon, kuma ina gani sarai. Abin da na fara gani da idon shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san shingen aguwar da ya kewaye garkata, wanda muka dasa tare shekara ashirin da uku da suka wuce. Babu shi. Ɗana Saifuddeen ya ɗauko leburori sun tone shi har saiwa ina kwance a asibiti. Wai abokan aikinsa na sakateriya suna zuwa gidan, kuma aguwa shingen ƙauye ce, Dutse kuwa yanzu babban birni. A madadinta ya sayo wata fulawa mai rawayan ganye a leda, irin ta ƙofar otal, ya jera. Kullum sai ta sha ruwa safe da yamma kamar mai jego. Awakin unguwa sun gama da rabinta cikin kwana tara, suka zarce kan alayyahun mai ɗakina Hajiya Kubura.

Shekara talatin ina malamin gandun daji, ina bi gari gari ina koya wa manoma cewa shinge ana zaɓensa ne da abin da akuya ta ƙi ci, ba da abin da ido ke so ba. Ashe a gidana ban koya wa kowa ba. Da na yi masa magana sai ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho, ya ce zamani ya canza. Abincin ranar ban iya ci ba.

Ina roƙonka ka sa a saro mini rassan aguwa dami huɗu, masu kaurin babban yatsa. A bar su a inuwa nonon ya tsane, kada wani mai tausayi ya yayyafa musu ruwa, ruɓewa za su yi. Ina so in kafa su a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, don maƙwabcina Barau ya fara tsayawa a gefen rijiyata yana auna ƙasa da ido. Ka san garkar ba takarda. Shingen nan shi ne iyakar.

Naka,
Abdulbaƙi.

Limawa, Dutse.
20 ga Mayu, 2001.

Malam Modibbo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Damin huɗu sun iso, na gode, Allah Ya saka da alheri. Sun yi kusan wata biyu jingine a gindin mangwaro, domin kafin su iso Barau ya riga ya kafa turaku taku uku cikin garkata, rijiyar a ɓangarensa.

Mun je kotun shari'a. Alƙali bai zalunce ni ba, shaida ya nema. Mai unguwar da aka yi cinikin a gabansa ya rasu. Barau ya kawo mutum biyu da suke cin tuwo a ƙofar gidansa. Ni na kawo Saifuddeen, tunda shi ya sa aka tone shingen. Aka je wurin, aka ce ya nuna inda aguwar take. Modibbo, yaron nan da ya girma yana ɓuya a bayanta ya tsaya da gogaggiyar shaddarsa yana waige-waige. Ya nuna nan, ya dawo ya nuna can, daga baya ya amsa cewa yana ofis lokacin da leburorin suka yi aikin. Ramukan ma ya sa an cike an baje, don wurin ya yi kyau, fulawar kuwa awaki sun daɗe da cinye ta. Barau ya yi rantsuwa, aka ba shi.

Yanzu Hajiya Kubura sai ta yi sallama kafin ta ɗebi ruwa a rijiyar da na haƙa. Saifuddeen ya ce zai gina mini katangar bulo in huce. Na ce ya riƙe bulonsa.

Jiya hadari ya fara haɗuwa ta gabas, rassan kuma ba za su ƙara jira ba. Da safen nan na ɗauki dagi na kafa su ni kaɗai, tazarar taƙi ɗaya, a miƙe kamar yadda aka koya mana, ina bin turakun Barau ɗaya bayan ɗaya. Ya fito ya yi mini sannu da aiki. Na amsa.

Ka gaishe da Malama Huseina. Wassalam.

Amininka,
Abdulbaƙi.