Kwalin da Ke Ƙarƙashin Gadon Tela

Zuwa ga Yaya, babbar yayar maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da duk mutanen gidan. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya sa zafin ya sauka, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdulillahi. Auta ta koma makaranta, Babba kuma yana leƙo mu duk ranar da ya samu sarari daga wurin aiki. Ƙanenki Tela jiki da sauƙi. Yana cin abinci da hannun hagu, yana zama a kujera in an tokare shi da matashi, ƙafar dama ce dai har yanzu sai an taimaka mata.

Yaya, saƙonki ya iso. Ɗanki Mai Kanti ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba, ya ce kin ce ƙarshen wata za ki aiko mota a ɗauki ƙanenki a kai shi wurinki, tunda na mayar da jinya wasan yara. Ya ce kin kuma umarce shi ya fitar da kwalin littattafan da ke ƙarƙashin gado ya cinna masa wuta. Ban yi masa faɗa ba, ɗa ne, da shi da nawa duk ɗaya. Na dai jawo kwalin na zauna a kansa, na ce ya gaishe ki da kyau. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya, don na san kaina. In kin fara magana ba na iya katse ki, sai in yi ta cewa to, to, har ki ajiye, sannan in shiga kicin in yi ta faɗa da tukwane. Yau kam ki yi haƙuri, sai na kai ƙarshe. Motar nan ba za ta tafi da shi ba, kwalin nan kuma ba ya fita daga gidan nan ina numfashi.

Abin da ɗanki ya gaya miki ya gani ranar da ya zo dubiya, duk gaskiya ne, ban ƙaryata shi ba. Ya same ni ina karanta wa kawunsa littafin soyayya. Ya ji kawun nasa yana dukan gado yana ɗaga murya, ni kuwa ina ƙyalƙyala dariya har da hawaye. Da ni ce na shigo na tarar da haka a gidan wani, da ni ma na ce matar nan ba ta da imani. Sai dai shi ya ga tsakiyar labari ne ya tafi da shi, bai tambayi farkonsa ba.

Kin san ban yi karatu ina yarinya ba, sai da na haifi Babba na shiga ajin manya. Har yau ban iya karatu a zuci ba, sai bakina ya motsa, muryata ta fito. A shagon da ke gaban gida, in na gama sa maɓallai da kalmasa bakin riguna, sai in zauna a bencin nan na kusa da buhun ƙyallaye in buɗe littafina, shi kuma yana kan keken ɗinkinsa. Tun muna da ƙuruciya har muka yi furfura, ba abin da ƙanenki bai kira littattafan nan ba. Ya ce littattafan ƙarya ne. Ya ce duk labarin ɗaya ne, yarinya ta ga yaro, iyaye su ƙi, a sha kuka, a ɗaura aure. Ya ce mai hankali ba ya maimaita littafin da ya riga ya san ƙarshensa. Ni kuwa in ce masa ai shi ma riga ɗaya yake ɗinkawa tun yana saurayi, wuya da hannu biyu da aljihu, ban ga ya gaji ba. Sai ya yi tsaki ya ƙara wa keken gudu, wai don kada shirmena ya shiga kunnensa.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Keken nan yana da kunne, Yaya. Duk lokacin da na zo inda saurayi ke tsaye a tasha yana jira, ko inda uban yarinya ya shigo ba zato, sai in ji ƙafar Tela ta yi sanyi a kan feda, keken ya koma tafiya a hankali. Wani lokacin ma ya tsaya cak, ya ce zare ne ya tsinke. Ikon Allah, zaren nan bai taɓa tsinkewa a inda ake bayanin kasuwa ko ruwan sama ba, sai inda magana ta ɗau zafi. Ina gani, ina ji, ban taɓa tona shi ba. Mutum ne mai son girmansa, na bar masa abinsa.

Da ciwon nan ya same shi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya ɗauke, kin ga yadda yake da idonki kafin ki koma. Abin da ba ki gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Malamar asibiti da ke koya masa magana mutuniyar kirki ce, tana iya ƙoƙarinta. Takan nuna masa hoton kofi da cokali da takalmi, ta ce ya faɗi sunansu. Ƙanenki kuwa sai ya juya fuska bango. Mutumin da ya yi shekaru yana yanka yadi mai tsada ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, a ce yau ya ce cokali a tafa masa? Ya ƙi. Makonni suka yi ta wucewa gidan nan shiru kamar ba kowa. Na yi kuka, Yaya, na ji tsoro ƙwarai, don na fara mantawa da yadda muryarsa take.

Wata rana bayan la'asar na ɗauko littafin nan mai jan bango, labarin 'yar mai gidan burodi da direban bas. Ba don shi na ɗauko ba, don kaina ne, zuciyata ta yi nauyi, ina son in shiga wurin da na san komai zai ƙare lafiya. Ina cikin karatu butar shayi ta tafasa, na ajiye littafin a buɗe na tafi kicin. Ashe fanka ta juya shafuka. Na dawo na ci gaba daga inda na tarar, ban lura ba. Sai na ji bum, ya daki gado da hannun hagu. Na kawo masa ruwa, ya ture. Na gyara matashi, ya sake dukan gado, idanunsa sun yi ja. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da harshensa, can sai kalma ta fito, ya ce in koma. Wallahi sai na zauna daɓas a ƙasa. Da na duba, fankar ta tsallake wurin da direban ya dawo wa yarinyar da jakar da ta manta a mota. Mai cewa littattafan ƙarya ya san an tsallake masa shafi!

Tun daga ranar na kama sana'a sabuwa, wato karatu da kuskure da gangan. In aurar da yarinyar ga ɗan mai gidan haya. In mayar da direba makanike. In kashe uwar da ba ta mutu ba. Shi kuwa ba ya iya haƙuri. Da farko a'a kawai yake iya cewa. Daga baya ya koma cewa ƙarya. Sannu a hankali ya kai ga cewa direba ne, ya kai ga cewa ba ta mutu ba. Ranar da ɗanki ya shigo, ranar ce ya fara kirana maƙaryaciya, kalma mai tsawo haka, ya fitar da ita sarai ba gargada. Tunda nake ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Dariyar da aka kai miki ƙara a kanta ke nan.

Kuma ki lura, sabon littafi ba ya yi. Auta ta kawo nata irin na 'yan makaranta, masu labarin ƙawaye da jarrabawa da yaron ajin gaba. Na karanta masa, ya saurara shiru, don bai san su ba, ba shi da abin gyarawa. Tsofaffin nan ne magani, waɗanda bangonsu ya yi laushi, waɗanda ya sha jin su ta cikin ƙarar keke har suka zauna masa. Maimaicin da ya yi ta yi mini gori a kansa, shi ne yau yake jawo masa magana. Yanzu na Auta ma ina karanta masa su daidai, ina maimaitawa, in sun zauna masa sai in fara ɓata su. Na gaya wa malamar asibiti, ta ce duk abin da ke fitar da kalma daga bakinsa kada in bari.

An ce kin ce dattijo marar lafiya addu'a yake bukata, ba shirmen 'yan mata ba. Haba Yaya! Wa ya ce miki addu'a ta yanke a gidan nan? Safe da yamma ina yi, yana bina da ido yana motsa leɓe, ni nake taya shi alwala. Ba wanda zai koya mini wannan. Littattafan kuma da ake ta zuzutawa, iyakar rashin kunyar da ke cikinsu ita ce saurayi ya ce ya kasa barci. Na ji zafin maganar nan, ba zan ɓoye miki ba. Ni ke ɗaga shi, ni ke juya shi, ni ke wanke shi, sannan a ce ni ce mai wasa da shi.

Duk da haka na san matsayinki. Ke kika goya shi, ke kika riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarku, bai taɓa yi miki musu ba tun yana yaro. Na san da zan tambaye shi kai tsaye ko yana son tafiya wurinki, gyaɗa kai zai yi ko da zuciyarsa tana kuka, don ba zai iya cewa a'a ga Yayarsa ba. Ni kuma ba na son in riƙe mutum da ƙarfi in har tafiyar yake so. Saboda haka na gaya masa saƙonki yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba. Washegari da rana na ɗauko mai shuɗin bango, wanda bayansa ya yage. Da gangan na zaɓe shi. A cikinsa mai ɗaukar hoto ya yi haɗari, danginsa suka zo da mota za su tafi da shi, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta hana. Da na zo wurin sai na karanta cewa matar ta haɗa masa kayansa, ta raka su har mota, ta ɗaga musu hannu, ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Ban ɗaga kai ba, ina jiran dukan gado. Shiru. Na jira, shiru. Na ce a raina shi ke nan, amsar ke nan, tafiyar yake so. Har na fara rufe littafin sai na ji ya damƙi wuyan hannuna da hannunsa na hagu, damƙa mai ƙarfi har ta yi mini zafi. Gumi ya keto masa a goshi. Kalma ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa tsakaninsu, ya ce ba ta bari ba, ta tsaya a ƙofa. Tun da ya kwanta bai taɓa haɗa magana mai tsawon wannan ba. Kuma ba littafin yake kallo ba, Yaya, ni yake kallo.

To kin ji. A ƙofar zan tsaya. In kin yi fushi da ni zan ɗauka, zan durƙusa in ba ki haƙuri sau nawa kike so, amma daga bakin ƙofar zan durƙusa. Idan motar ta zo ƙarshen wata, to ta zo da ke a cikinta. Ɗakin Babba ba kowa, na share shi, na sa katifa mai taushi saboda gwiwarki. Ki zo ki zauna kusa da gadon ki ji ƙanenki yana ƙaryata ni da bakinsa. Jiya ma da muke hira na ce masa ai kawunku ne ya kai shi koyon ɗinki yana yaro. Ya harare ni ya daki gado, ya ce ƙarya, Yaya ce. Sunanki ne na farko da ya kira wanda ba na cikin littafi ba, kuma ba kya nan balle ki ji.

Ki gaishe mini da Baban yara, da Inna Ƙarama, da amaryar gidanku da jaririnta, Allah ya raya shi. Ki gaya wa Mai Kanti ban riƙe shi a zuciya ba, ya zo ya duba kawunsa, ashanar dai ya bar ta a kanti. Auta da Babba suna gaishe ki. Na tambayi Tela ko in sa gaisuwarsa, ya ce in sa, kuma wannan karon ban yi masa kuskure ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Matar Tela