Kaskon Ɗaɗɗoya Guda Ya Rage

Da sunan Allah, mai rahama, mai jinƙai. Takarda ta fito daga hannun ɗanki Sammani a Sabon Birni zuwa ga Gwaggo Luba a Tsibiri. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina roƙon Allah ya same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Mu nan muna cikin ganuwa, da sauƙi. Baba ya gama rufin ɗakinsa, Larai ta haifi namiji. In Malam Ibrahima mai karanta miki ya ga baƙaƙe sun karkace, ya yi haƙuri. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, a allunan maƙwabta na tsinta.

Gwaggo, maganar ɗaɗɗoyar Kaka ce. Kin san tun tana yarinya ta ƙulle irin nan a bakin zane ranar da birnin Alkalawa ya faɗi, ta kai shi Tsibiri, mu kuma munka zo da shi nan. Da munka iso na so in shuka a fadama, sai ga shi dawakin Sakkwato ba su bari mutum ya duƙa a bakin gulbi. Dole na jera kasko huɗu a tagar ɗakin girki, inda hantsi ke shigowa kuma awaki ba su kai. Tsarana na can suna gyaran kwari da baka, ga ni ina bai wa ganye ruwa da ludayi! Amma tun da idonta ya rufe, Kaka ba ta kai loma baki sai ta ji ƙamshin nan a miya. Cewa take ta hanci kaɗai take komawa gida.

Ranar rabuwarmu kin ce mini in na ga fure in tsinke, don ganye ya yi yawa. To, na tsinke. Kowace safiya, kowane kasko, ko ɗaya bai tsere mini ba, har ina yabon kaina. Ba ki ce mini a bar kasko guda ya yi iri ba! Yanzu uku sun tsufa sun bushe, na buɗe ɗan goran iri na tarar gara ta cinye. Da na faɗa wa Kaka sai ta yi dariya, ta ce ta yi asarar miji, wai wane Bagobiri ne zai cinye gero har da na shuka. Na ce mata ai amaryar ce ta cika tsirfa. Ta ci gaba da dariya, amma na ga ta juya fuska ga bango. Kowa ya ɗauka na sani, shi ya sa ba wanda ya faɗa. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Na huɗun ya fitar da fure guda, na bar shi. Tun da na bar shi ganyen ya ƙanƙance, ya yi ɗaci, jiya Kaka ta ture akushi. In na tsinke za ta ci tuwo, irin Alkalawa ya ƙare a hannuna. In na bari, ga tsohuwa tana ramewa. Shekaranjiya abokina Bawa da samarin unguwarmu sunka fita yaƙi wajen garin Isa, ya aiko in zo. Na ɗauki baka har ƙofar gida, na dawo na rataye. Sun ce mini mai gadin miya. Su faɗa.

Don Allah, Gwaggo, in akwai ko ɗan tsinken ɗaɗɗoya a bayan ɗakinki, ki ƙulle irin a tsumma ki ba fataken da sunka kawo miki takardar nan. In babu, kada ki lallashe ni. Ki faɗa mini kwana nawa fure ke yi kafin iri ya nuna, in san kwana nawa za ni yi ina roƙon tsohuwa ta ci tuwo.

Ki gaida Kawu Maliki da Tani da Fadima. Kaka na gaishe ki, ta ce kada in gaya miki ba ta ci. Na gaya miki.

Haza wassalam. Ɗanki, Sammani.