Kujerar Baba Cleofas a Bakin Magudana

Mora, New Mexico
Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Delfina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya hayaniyar Denver? Mama na gaishe ki, ƙafar da sauƙi.

Ni kam raina a ɓace yake. Ƙanƙarar da ke narkewa ta ba mu ruwa ba ta sauka a duwatsu ba bana, ruwan magudana ya koma kamar fitsarin akuya, ga gonarmu can a wutsiyar magudanar. Barkonon Mama, irin da ta gada wurin kakarmu, ya sunkuyar da kai. Duka ta shuka. In ya mutu, irin ya ƙare.

Baƙon da ya sayi filin da ke can saman magudanar kuwa ya buɗe ƙofar ruwansa yana shayar da ciyawar ado. Ciyawa, Yaya! Wadda ko jaki ba a bari ya ci. Na je masa da abin da na karanta a laburare: kakanninmu ne suka haƙa magudanar nan tun ƙasar ba ta zama Amurka ba, kuma in fari ya zo, tare ake jin ƙishi. Wai takardar filinsa ba ta ce haka ba. Na ɗaga shebur, sai Baba Cleofas mai rabon ruwa ya riƙe ni: "Kai malamin laburare, na yashe ne, ba na kan mutum ba."

Ƙaninki,
Onesimo

Watan Satumba

Yaya Delfina,

Ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara.

Kin san abin da tsohon nan Baba Cleofas ya yi? Ƙofar ruwan gonarsa ya fara rufewa, a gaban kowa. Sannan ya bi magudana gida-gida yana dogara sanda, kunya ta sa kowa ya rufe tasa. Da ya kai wurin baƙon bai yi musu ba. Ya kafa kujera cikin rana ya ce, "Ɗana, ci gaba da ban ruwanka, ni kallo na zo." Mai shekara tamanin fa! Mata suka kawo masa kofi, su ma suka zauna kallo. Kafin yamma mutumin ya fito ya rufe da hannunsa.

Ruwa ya iso mana. Mama ta tsaya cikin laka ba takalmi tana kuka. Yanzu barkono ya yi jawur, tana ta kitsa shi a igiya.

In za ki zo, ki taho da garin masara mai yawa. Masarar Baba Cleofas ta ƙone ƙurmus, kuma kin san shi, ba zai karɓa a hannuna ba. Sai dai ki ce masa tsaraba ce.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Onesimo