Ta Mai Da Ni Yayanta

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwa ta yi sauƙi, ƙirji kuwa kamar an ɗora masa dutse. Na kasa zama. Daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga nan zuwa ƙofa, ban san abin da nake nema ba. Likita ya ce ƙarin da ke cikin kan matata ya daɗa girma, aiki ba zai yiwu ba. Wai in sa ran halinta zai sauya. Ai ya riga ya sauya. Jiya ta jefe ni da kofi, matar da ko kaza ba ta kora da tsawa.

Laraba, 5 ga Maris
Ta ƙi karɓar magani daga hannuna, wai kashe ta nake son yi. Na daka mata tsawa. Ni! Na koma kicin na dafa bango. Allah Ya yafe mini.

Asabar, 8 ga Maris
Da hantsi na kai mata shayi. Ta dube ni, fuskarta ta washe. “Yaya, yaushe ka zo?” Yayan nata yana can wani gari, an daɗe ba a haɗu ba. Na buɗe baki zan gyara mata, sai ta miƙo hannu ta karɓi maganin ta haɗiye. Na ce, “Yanzun nan, Auta.” Haka suke kiranta a gidansu. Bakina bai taɓa faɗin sunan ba sai yau.

Talata, 11 ga Maris
Ta kai ƙarar Malam wurin Yaya. Malam ɗin ni ne. “Yaya, mutumin nan sai ka ce bango. Ka yi ta zuba, ya ce maka uhm, hanci cikin jarida.” Na ce to sai a ja masa kunne. “A’a, ƙyale min shi, ba shi da kowa sai ni.” Muka yi ta dariya. Rabon da mu yi hira haka, na manta. Bayan ta yi barci na kasa karanta ko layi ɗaya.

Alhamis, 13 ga Maris
’Yarmu ta bugo waya. “Baba, wannan wasan zai taɓa maka kai. Na kira Kawu, ranar Lahadi zai zo, Mama ta ga na gaskiya.” Na ce to. In na gaskiyar ya shigo, ni kuma wa zan zama a ɗakin nan?

Juma’a, 14 ga Maris
Abinci ya ƙi wucewa. Zirga-zirga kawai.

Asabar, 15 ga Maris
Yau ta ce, “Yaya, wai ina Malam ya shiga ne?” Na ce ya ɗan fita. “Ko sallama babu,” in ji ta, ta juya wa ƙofa baya. Maganar ta zo mini har leɓe: ga ni nan. Na haɗiye ta. Lokacin magani ya kusa.

Lahadi, 16 ga Maris
Na share ɗaki, na jawo kujera kusa da gado. Duk motar da ta rage gudu sai gabana ya faɗi, in leƙa, in dawo. Da la’asar ’yarmu ta bugo tana ta faɗa, wai Kawu ba ya ɗaga waya. Na ce ta yi masa uzuri, shi ma jiki ya tsufa. Ina ajiye wayar na ji yunwa, na ci har da ƙari. Ban san dalili ba, ba kuma zan bincika ba. Kujerar ni na zauna a kai, Auta na riƙe da hannuna. Rana ta faɗi. Bai zo ba.